Tasawa da Mayahi: kada lasifikar araha ta kashe tsohon ampili

Tsofaffin ampili masu fitila da suka raka makaɗan gita na ƙasar nan suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Galibi lasifika ce take fara mutuwa, kuma wajen musanya ta ne ake yin kuskuren da yake ƙone sauran kayan. Ga abin da ya kamata mai hayar kayan sauti, da ma'aikacin da aka damƙa wa kayan hukuma, su sani kafin su aika kuɗinsu Maraɗi ko Kano.

Duk wanda ya san garuruwan gundumar Tasawa da ta Mayahi ya san cewa yau babu biki, babu suna, babu taron siyasa ko na rufe lakwal da za a yi ba tare da kayan sauti ba. Daga Korgom zuwa Urafan, daga Kanambakashe zuwa Gidan Amumun, hayar ampili da lasifika ta zama sana'a mai riƙe iyali. Mafi yawan kayan da ake gani sababbi ne, masu taranzisto, ƙirar ƙasar Sin. Amma jifa-jifa, a mangazar gidan matasa ko a ɗakin wani tsohon makaɗi, akan ci karo da wani akwati mai nauyin gaske, wanda idan aka leƙa bayansa za a ga kwalabe na gilashi a jere, suna yin ja kamar garwashi idan an kunna shi. Shi ne ampili mai fitila, wanda ake kira ampli à lampes da faransanci.

Kafin tsakiyar shekarun 1960 kusan duk ampilin gita da aka ƙera a duniya irinsa ne, kuma har cikin shekarun 1970 shi ne abin da manyan makaɗa suke nema. Wannan lokaci ya zo daidai da tasowar kiɗan zamani a Nijar: ƙungiyar Elhaji Taya a Yamai, Azna de l'Ader ta Mona a Tawa, sannan zamanin Samariya a mulkin Janar Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, lokacin da kowace gunduma take shirya matasanta domin bikin matasa na ƙasa. Gasar Ɗan Gurmu da aka soma a 1987 ta ƙara wa gita daraja, har marigayi Sa'adu Bori na Maraɗi ya kai waƙar Hausa ta zamani Turai da faifan Niamey Twice da ya yi tare da Musa Pusi a 1994.

A watan Janairu na wannan shekara ta 1994 aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Duk wani kayan gyara da yake zuwa daga Turai ya ninka kuɗi, sai masu gyara suka koma ga abin da ya sauƙaƙa a kasuwa. Tun daga nan aka saba da ɗaura wa tsohon ampili duk lasifikar da ta shiga ramin akwatin. Sabon ampili yakan yi haƙuri da wannan ɗabi'a zuwa wani lokaci. Mai fitila ba ya yi. Ga shi kuwa a Turai da Amurka, ampilin kamfanin Fender ko na Vox na shekarun 1960, idan kayan cikinsa na asali ne, kuɗinsa yakan haura miliyan guda na sefa. Ashe da tsohuwar zuma ake magani.

Taransifo ne ran akwatin

Fitilun ampili suna aiki da wuta mai ƙarfi ƙwarai, wadda takan kai bolt 400 zuwa 500. Lasifika kuwa ba ta iya karɓar irin wannan wuta kai tsaye. Saboda haka ne aka sa wani taransifo na musamman tsakaninsu, taransifon fita, wanda yake sauke ƙarfin fitilu zuwa abin da lasifika za ta iya ɗauka. An naɗa shi ne da siririn zaren jan ƙarfe, zagaye dubbai, bisa lissafin nauyin lasifikar da za a haɗa masa. Wannan nauyi shi ake aunawa da om, wanda ake rubutawa ohm ko da alamar Ω a jikin kaya. Lasifikun gita ana yin su ne a kan om 4, om 8 ko om 16.

A nan ne masu gyara da suka girma da taranzisto suke ruɗewa, domin dokar biyun ta saɓa. Ampili mai taranzisto yana ƙonewa ne idan nauyin lasifika ya yi ƙasa da ƙima ko wayoyi suka haɗu. Idan an cire masa lasifika gaba ɗaya, babu abin da zai same shi. Mai fitila kuwa, babban abokin gabansa shi ne a kaɗa shi babu lasifika, ko a ba shi mai om da yawa fiye da abin da aka tsara masa. Ƙarfin da ya rasa wurin zuwa sai ya koma cikin taransifo, wutar ta yi tsalle ta huda rufin zaren, ta ƙone shi daga ciki. Lasifika ana samun madadinta. Taransifon asali na shekara 50 ko 60 kuwa, idan ya tafi, ya tafi da rabin darajar akwatin da kuma muryarsa.

Don haka abu na farko kafin a yi maganar kuɗi shi ne a karanta bayan ampili. Fender Deluxe Reverb, wanda ya fito a 1963 da ƙarfin wat 22, yana son om 8. Twin Reverb mai wat 85 yana son om 4, Super Reverb mai lasifika huɗu kuma om 2. Yawancin manyan ampilin Marshall na Ingila suna da maɓallin zaɓe tsakanin 4, 8 da 16. Abin da aka rubuta shi za a nema, ba ƙari ba ragi. Idan larura ta tilasta a yi wasa da wadda ba ta dace ba, to kada bambancin ya wuce ninki biyu ko rabi, kuma kada a buɗe murya har ƙarshe.

Akwai wani tarko na dabam ga masu amfani da tsohon ampilin taro, irin na kamfanin Bouyer na Faransa ko Geloso na Italiya, waɗanda aka yi domin jawabi, wasu makaɗa kuma suke sa musu gita. A bayansu, ban da wuraren om, akwai wurin da aka rubuta 100 V. An tanade shi ne domin lasifikun ƙaho masu taransifon kansu, irin waɗanda ake ɗaurawa bisa masallaci ko a filin kokawa. Lasifikar gita ba ta da hurumi a wurin.

Idan lasifikun biyu ne

Yadda aka haɗa wayoyi yana canja lissafi. Lasifika biyu masu om 8, idan an haɗa su kafaɗa da kafaɗa, wato jan waya da jan waya, baƙa da baƙa, sun zama om 4. Idan an jera su kamar raƙuman ayari, wuta ta ratsa ta farko ta shiga ta biyu, sun zama om 16.

Twin Reverb yana amfani da haɗin farko. Idan ɗaya ta yanke, ampili zai ci gaba da magana, mai shi ya ɗauka lafiya lau, alhali ɗayar ce take ɗauke da wat 85 ita kaɗai. Ba za ta jima ba za ta bi ƴar uwarta. Tsohon Vox AC30 kuwa yana amfani da haɗi na biyu. Idan ɗaya ta yanke, hanya ta tsinke gaba ɗaya, ampili ya koma kamar wanda babu lasifika a jikinsa. Makaɗin da ya ji shiru ya ci gaba da bugun gita yana murɗa maɓallai yana neman murya, taransifonsa yake soyawa. Doka a nan guda ce: da zarar ampili mai fitila ya yi shiru cikin wasa, a kashe shi nan take, sannan a yi bincike.

Idan za a musanya ɗaya cikin biyu, dole sabuwar ta zo da om daidai da tsohuwar, kuma su riƙa motsi tare. Ana gane haka da ƙaramin batir na tocila: a taɓa shi a ƙafafun lasifika, a duba ko takardar ta turo gaba ko ta ja baya. Idan ɗaya tana turowa ɗaya tana ja, sautin ƙasa zai ɓace, muryar ta zama siririya kamar ta rediyon aljihu.

Lambar da ke jikin kwali

Abu na biyu shi ne ƙarfi. A kasuwar Sabon Gari ta Kano, ko a shagunan Maraɗi, mai saye zai ga lasifika da aka rubuta wa wat 1000 ko 2000 da manyan haruffa. Galibi a gefen lambar akwai PMPO. Wannan awo ne na talla, ba shi da wata ƙa'ida da kamfanoni suka yarda da ita. Awon da ake dogara da shi shi ne wanda aka rubuta RMS, wato ƙarfin da lasifika za ta jure na tsawon lokaci ba tare da zarenta ya ƙone ba. Wadda babu wannan a jikinta ko a takardarta, a bar wa mai ita.

Wat nawa za a nema? Ampili mai fitila, idan an buɗe shi har muryarsa ta soma kaushi, yana fitar da fiye da abin da aka rubuta masa. Masu gyara sukan ba da shawarar a nemi lasifika mai ƙarfin da ya kai ɗaya da rabi zuwa ninki biyu na ƙarfin ampili. Mai wat 22 ya samu ta wat 35 zuwa 50. Mai wat 85 da lasifika biyu, kowace ta kai wat 60 ko fiye. A ƙasarmu ya fi kyau a karkata ga lambar sama, domin wasan fili a watan Afrilu, cikin zafin da yake haura digiri 40, na awa huɗu ko biyar, ba ɗaya yake da wasan ɗaki a Landan ba. Zafi shi ne yake narkar da gam ɗin da ya riƙe zaren lasifika.

Abu na uku, wanda ba a cika dubawa ba, shi ne kaifin murya, da ake aunawa da desibel: ana ba lasifika wat ɗaya, a saurare ta daga nisan mita ɗaya. Lasifikun gita masu kyau suna tsakanin 95 da 100. Bambancin desibel 3 daidai yake da ninka ƙarfin ampili. Ma'ana, ampili mai wat 22 da lasifika mai desibel 100 zai yi ƙara ɗaya da mai wat 44 da aka sa wa mai 97. Ga mai haya da yake son murya ta kai bayan gari, wannan lamba ta fi lambar wat amfani. Celestion Vintage 30 ta Ingila, da ta fito a 1986, tana da wat 60 da desibel 100. Jensen C12N, wadda ta yi suna a cikin akwatunan Fender, tana da wat 50.

Lasifikar mota da ta disko

Ana yawan jarabtuwa da lasifikar mota, domin tana ko'ina kuma ba ta da tsada. Amma yawancinta om 4 ce, kaifin muryarta yana wajen desibel 90, kuma an yi ta ne domin ta fitar da kowane irin sauti, har da mafi siriri. Lasifikar gita an yi ta da takarda maras nauyi, da gangan aka bar ta ta gaza: tana ɗaukar sauti daga wajen bugu 80 a daƙiƙa, inda tsirkiyar gita mafi kauri take, ta soma yin ƙasa daga wajen bugu 5000. Wannan gazawa ita ce take tace kaushin fitilu ya zama daɗi a kunne. Idan aka sa mai ƙaramar lasifikar tsiwa a tsakiya, abin da zai fito sai ya yi kama da ƙudan zuma cikin gwangwani. Babbar lasifikar disko mai kaurin takarda kuma takan danne muryar gita, ta mai da ita kamar ana kaɗawa cikin rumbu.

Sai maganar maganaɗisu, wato baƙin ƙarfen da ke manne a bayan lasifika. Na farkon zamani ana kiransa alniko, haɗin alminiyom, nikel da kobal. Irinsa ne a Celestion shuɗiya mai wat 15 ta Vox AC30 da kuma Jensen masu harafin P. Kobal yana da tsada, kuma yawancinsa daga yankin Katanga na Kwango yake fitowa. Tun farkon shekarun 1960 masu ƙera lasifikar gita suka soma komawa ga maganaɗisun seramik, yaƙin Kolwezi na 1978 kuma ya sa kuɗin kobal ya yi tashin gwauron zabo, har waɗanda suka rage suka bi sahu. Alniko yana da taushin murya da makaɗa suke yabo, amma yana da tsada kuma mugun bugu yakan rage masa ƙarfi. Seramik ya fi nauyi, ya fi araha, ya fi jure wahala. Ga akwatin da zai riƙa hawa amalanke da bayan babur a hanyoyin karkara, seramik ya wadatar.

Kafin a aika saƙo, a auna. Lasifikar da ake kira inci 12 faɗinta wajen santimita 30 ne, ta inci 10 kuma wajen 25. A ƙirga ramukan kusoshi, a duba zurfin da ke tsakanin katako da taransifo, domin wata sabuwa maganaɗisunta yakan yi girman da zai taɓa fitila. Kada a faɗaɗa ramin katakon asali da zarto don a cusa wadda ba ta shiga ba.

A tabbata ta mutu kafin a binne ta

Ba duk lasifikar da take ƙara ce ta lalace ba. Ƙurar hunturu tana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da maganaɗisu yake janyowa cikin siririn ramin da zaren yake motsi. Ɓera da gara suna cin takarda. Kusa takan kwance, waya takan tsinke a bakin ƙafa. Mai gyara zai cire wayar lasifika, ampili yana kashe, ya sa ma'auninsa: mai om 8 lafiyayya takan nuna 6 zuwa 7, mai om 4 wajen 3, mai om 16 wajen 12 zuwa 13. Wannan ba alamar lalacewa ba ce, haka awon yake. Idan ma'auni bai motsa ba, zare ya yanke. Sannan a tura takardar a hankali da yatsu a kewaye da tsakiya; idan aka ji tana gurzar wani abu, zaren ya karkace ko ƙura ta shiga.

Ƴar tsagewa a takarda ana like ta da siririyar takarda da gam mai laushi. Wadda ta ƙone ma ana iya sake mata takarda da zare, a bar ƙarfenta da maganaɗisunta na asali. Saboda haka, ko an sayi sabuwa, kada a jefar da tsohuwar, kada a sayar wa masu sayen tsohon ƙarfe. A naɗe ta cikin leda, a sa a kwali, a ajiye. A jikin ƙarfen lasifikun Amurka akwai lambobi da suke faɗin asalinsu: 220 ta Jensen ce, 465 ta Oxford, 328 ta Utah, 137 ta CTS, lambobin da suka biyo baya kuma shekara ce da makon ƙira. Mai sayen tsohon kaya daga waje wannan lamba yake fara dubawa.

Gargaɗi biyu. Na farko, musanya lasifika ba ya bukatar a buɗe cikin ampili, kuma bai kamata wanda bai iya ba ya buɗe. Akwai ma'ajiyar wuta a ciki da take riƙe ɗaruruwan bolt ko bayan an zare waya daga bango, kuma tana kisa. Na biyu, wutar Nijelek bolt 220 ce, ampilin da aka yi domin kasuwar Amurka kuwa na 110 zuwa 120 ne. Sai da taransifon rage wuta. Yankinmu yana shan wuta ne daga layin da ya taso daga Katsina ya sauka Gazawa, kuma lokacin da Nijeriya ta yanke shi daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 jama'a sun ga yadda ake komawa ga injin gurup. Wutar ƙaramin inji tana hawa tana sauka. A bar shi ya daidaita kafin a kunna ampili, a kashe ampili kafin a kashe shi. Sabuwar lasifika ba ta maganin wannan.

Kira ga masu riƙe da amana

Ɗan kasuwa ya san cewa araha ba ta ado. Lasifikar gaske, ta Celestion, ta Eminence ta Amurka, ko ta Jensen da ake ƙerawa yanzu a Italiya, ta fi ta bakin hanya tsada nesa, kuma wani lokaci sai an jira ɗan uwa mai dawowa daga Legas, Kwatano ko Faransa. Jiran wata biyu ya fi asarar taransifo. Wanda zai aika saƙo ya rubuta abu huɗu a takarda: faɗi, om, wat na RMS, da desibel. Ya ƙara da cewa ta gita ce.

Ga ma'aikatan da ke kula da gidajen matasa, da ofisoshin magadan gari da makarantu a Tasawa da Mayahi, muna tunatarwa cewa irin wannan akwati, inda ya saura, dukiyar jama'a ce. Ya kamata a shigar da sunansa da lambarsa cikin littafin kaya, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara da ruwan damina, a rufe shi saboda ƙura. Kada a ba da aronsa sai da lasifikarsa a haɗe, kada kuma a rubuta shi cikin kayan da suka mutu kafin wanda ya san aikin fitila ya duba shi. Matasan da suke koyon gita yau a garuruwanmu suna da hakkin su ji irin muryar da iyayensu suka yi rawa da ita a dandalin Samariya. Allah ya sa masu riƙe da mabuɗan mangaza su ji wannan kira.